Gadon da Ba Kafintan da Ya Taɓa

Ranar da Hazim ya fara ganin Radwa, akwai dusar katako a gefen mayafinta. Tana tsaye a ƙofar ɗan ofishinsa da ke layin masu kujeru a Dumyat ta ƙasar Masar, waya a hannu.

"Kai ne mai zana kujeru a kwamfuta?"

"Ni ne."

"Babana ya ce ka gyara masa hotunan nan. Ya kuma ce in gaya maka bai yarda da aikinka ba."

"To me ya sa ya aiko?"

"Masu saye duk sun koma waya."

Ta yi dariya, linzamin kwamfuta ya kuɓuce wa Hazim. Shi ke nan, an gama da bawan Allah.

Aikinsa ba ɓoyayye ba ne a layin. Kafinta zai kawo masa zanen fensir a bayan kwali, shi kuma ya fitar da siffar a manhajar gyaran hoto, ya shimfiɗa jijiyoyin katako, ya ɗora sheƙi, ya ajiye inuwa a ƙasa. Mai saye na can Alƙahira zai gani ya ce a yi masa, alhali ba a ko ɗauko zarto ba.

Hotunan shagon baban Radwa suka ƙi ƙarewa. Yau haske bai yi ba, gobe launi ya yi duhu, kuma kullum ita ake aikowa. Daga baya ma aka daina laɓewa bayan hotuna.

"Hasken idona, yau na zana kujera goma, duk ina tunanin ke za ki zauna a kai."

"Mai linzamina, guda ɗaya ta ishe ni, in dai kana kusa."

Matsalar ita ce Usta Sabri, babanta, tsohon masassaƙi mai taurin kai. Da Hazim ya je gaisuwa da mahaifinsa da kwalin alawar mishabbak, Usta ya kama hannun Hazim ya jujjuya.

"Ko tabo ɗaya babu. Wannan hannun ne zai ciyar min da 'ya?"

Sai da mahaifiyar Radwa ta yi ta fama, Radwa kuma ta rame, kafin Usta ya sauko da ƙyar ya sa ranar karanta Fatiha ta baiko. Tamir, ɗan mai babban kantin kayan ɗaki da Radwa ta taɓa ƙi, ya ji labari ya haɗiye abinsa.

Murna ce ta ja wa Hazim. Ya zauna ya zana gadon da yake mafarkin su mallaka, da furanni a allon kai, da hasken taga yana sauka a gefe, ya zuba duk iyawarsa a ciki. Ya tura mata.

"Ga gadonmu, Zumata."

Radwa ta nuna wa ƙawa, ƙawa ta tura wa ƙawa, har hoton ya faɗa wayar Tamir. Shi kuwa ya sami Usta a wurin shan shayi, ya miƙa masa da ladabin munafunci.

"Usta, ashe surukinka har ya sayi gado? Allah ya sanya alheri. Wane shago ne?"

Wanda ya san Dumyat ya san abin da wannan ke nufi. 'Yar masassaƙi ta tare a kan gadon da wani ya yi, ubanta na raye da hannunsa biyu? Ai gara a mare shi a tsakiyar kasuwa. Usta ya bar shayinsa bai sha ba.

Saƙon Radwa ya iso wa Hazim da hantsi.

"Baba ya fasa Fatiha. Na rantse masa zane ne, ya ce shi za a koya wa katako? Ya ce ya ga jijiya, ya ga ƙullin reshe, kwamfuta ba ta tsiro da reshe. Hazim, tsoro nake ji."

Bai tsaya ɓata lokaci ba. Ya rungumi kwamfutarsa ya nufi shagon Usta.

"Ammi," ya ce, wato baffa a bakin mutanen can, "minti kaɗan nake roƙo."

"Je ka roƙi wanda ya yi maka gadon."

"Shi na kawo maka."

Ya ɗora kwamfutar a kan teburin aiki, gadon ya bayyana. Usta ya kau da kai, amma da gefen ido yake kallo. Hazim ya danna, hasken taga ya ɗauke. Ya sake dannawa, inuwar ƙasa ta tafi, gado ya zama kamar yana lilo a iska. Ya cire sheƙi. Ya cire jijiyoyin katako. Abin da ya rage 'yan layuka ne baƙaƙe a kan farin fili.

Usta ya matso, ya leƙa har bayan kwamfutar.

"Dawo min da katakon."

Hazim ya dawo da shi.

"Matso da ƙullin nan. Wallahi na san shi!"

"Naka ne, Ammi. Guntun da ka yar ne Radwa ta tsinto min, na ɗauki hotonsa na shimfiɗa a kan zanen."

Tsohon ya zauna daɓas a kan benci, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sai dariya ta kama shi har yana share ido.

"Shi ya sa! Tun jiya nake cewa wane ɗan banza ne a garin nan ya iya zaɓen katako kamar ni. Ashe ba kowa!" Ya nuna allon da yatsa. "Amma ƙafar nan ta yi siriri, mai linzami. Ƙara mata kauri ka fitar min da shi a takarda. Kuma ka gaya wa babanka Fatiha na nan."

Daga bayan labule Radwa ta fashe da kuka, irin kukan da ke zuwa bayan tsoro ya wuce.

Usta da kansa ya sassaƙa gadon, bai bar kowa ya sa hannu ba. Ranar kai kayan amarya aka ɗora shi a buɗaɗɗiyar mota, aka zaga layin a hankali, mata na guɗa, kafintoci na fitowa suna shafa furannin suna jinjina kai.

Da aka ɗaura aure, Usta ya haɗa hannun Radwa da na Hazim a cikin nasa masu kaushi.

"Zane naka ne, aiki nawa ne. Ita kuwa wannan," muryarsa ta karye, "ba ni da irinta biyu. Ka riƙe min ita da kyau."

"Da yardar Allah, Baba," in ji Hazim.

Allah ya sanya albarka a gidansu, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.