Murfin Rijiyar Gidanmu

Ranar da na gaya wa Umma wanda nake so, tana zaune a bakin gado tana linke wanki. Ta tambaye ni ɗan gidan waye. Na ce ai ta san shi, Ɗan Tela ne, wanda mahaifinsa ya yi haya a ɗakin ƙofar tsohon gidanmu.

Ta ajiye zanin da ke hannunta a hankali.

"Duk mazan duniya, Auta, ki rasa wanda za ki kawo min sai wanda ya kashe min ɗa?"

Ina da shekara shida ƙanina ya faɗa rijiyar gidanmu. Shekararsa biyu, muna ce masa Tsuntsu saboda yadda yake wangale baki in ya ga cokali. Bayan rasuwarsa aka koma kirana Auta. Ba a taɓa maganar ranar a gidanmu ba, don haka ban san akwai wanda Umma ta riƙe a zuciya ba.

Shekara ashirin bayan haka Ɗan Tela ya shigo kantin maganin da nake aiki, neman maganin hawan jini na mahaifinsa. Da tabon goshina ya gane ni. Ya zama malamin makaranta, mai sanyin magana. Tun daga ranar ya riƙa dawowa sayen maganin da na san ba ya buƙata, har na ce masa in ya ci gaba zai buɗe nasa kantin. Wata takwas muka yi, ban taɓa jin natsuwa irin ta lokacin ba.

Umma ta ce ranar da ƙanina ya faɗa rijiya, tana kicin ta hango Ɗan Tela ta taga yana jan ruwan da babansa zai yayyafa wa kayan guga, ya tafi ya bar murfin a buɗe. Ta ce har gobe tana ganin shuɗiyar rigar da ke jikinsa.

Na samu Yaya, babban wana, a garejinsa. Ya goge hannu da tsumma, ya ce kicin ɗinmu ba shi da taga ta wajen rijiya. Murfin kuma marigayi Abba ne ya cire shi da safe zai kai wa mai walda, shi ma ya taya shi ɗauka. Ya roƙe ni kada Umma ta ji daga bakinsa.

Da na kira Anti, yayata, sai ta ce Yaya yana makarantar kwana a shekarar, ba ya ma gida. Kuma murfin na katako ne, me zai kai katako wurin mai walda?

Ni ma ina da tawa ranar, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina tuna hannun Tsuntsu a cikin nawa, da danƙon wani abu mai zaƙi a tafinsa. Ina tuna wata kyanwa ta gifta, na sake shi na bi ta.

Na je makarantar da Ɗan Tela yake koyarwa bayan an tashi yara. Muka zauna a benci a bakin aji, na faɗa masa abin da Umma ta ce. Na so ya rantse min, ya ce ƙarya ne. Ya daɗe yana murza alli a yatsunsa.

"Ban sani ba, masoyiyata."

"Kamar yaya ba ka sani ba?"

"Kullum ni nake jan ruwan. Ina ganin na rufe... amma Baba ya dake ni ranar har na suma, yana cewa ban rufe ba. A satin muka bar gidan. Wani lokacin in na rufe ido sai in ga na rufe, wani lokacin in ga na bari. Shekarata tara a lokacin, Auta."

Na tambaye shi me ya sa bai gaya min tun farko ba. Ya ce tsoro ya ji, kuma ya ɗauka shi kaɗai ne ya rage yana tunawa.

Ranar Asabar muka je tsohon gidan, don mu ga tagar da idonmu. An cike rijiyar, an shafe wajen da siminti, yara na buga ƙwallo a kai. Akwai taga a kicin ɗin, tana kallon wajen daidai. Sai dai matar gidan ta ce sau biyu aka rushe kicin ɗin aka sake ginawa, ba ta san yadda na farkon yake ba.

Da na dawo na durƙusa gaban Umma na gaya mata maganar kyanwar. Na ce in akwai mai laifi ni ce.

"Ke ba kya gidan," ta ce. "Kina wurin Gwaggonki, sai da yamma aka dawo da ke."

"Umma, ina jin hannunsa har yanzu..."

"Na ce ba kya gidan!"

Ta dafe ƙirji. Tana kuka ta ce in ba shi ba ne, to in gaya mata waye. Mijinta da ke kabari, ko 'yarta? Kwana huɗu ta yi a asibiti.

Ɗan Tela ne ya fara janyewa. Ya zo kantin, ya tsaya ta bayan kanta kamar mai saye, ya ce ba zai iya zama sanadin ciwon uwa sau biyu ba. Ya ce ko an ɗaura, duk ranar da ya ɗauki ɗanmu zai ga idonta a kansa. Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce lokaci ne ya ɓata mana komai, kowa ya ɗinka ranar yadda zai iya ɗaukarta. Ya fita, na ci gaba da ƙirga ƙwayoyi a leda ina kuskure.

Bayan shekara biyu ya yi aure. Anti ce ta gaya min, a taƙaice.

Bara ciwon Umma ya tashi na ƙarshe. Ina gyara mata matashi da hantsi ta kama wuyan hannuna, tana kallona kamar ba ni ba.

"Kaina ne ke ciwo," ta ce. "Cewa na yi bari in ɗan kwanta, minti biyar kawai. Na bar Tsuntsu yana wasa a bakin ƙofa..."

Likita ya ce kada mu ɗauki maganarta da muhimmanci, allurar da ake mata tana rikita tunani. Yaya ya ce haka ne. Anti ta juya baya tana share ido.

Umma ta rasu kwana uku bayan haka. Ɗan Tela ya zo gaisuwa cikin maza, na hango shi ta labule da ƙaramar 'yarsa a kafaɗa. Na so in aika a kira min shi, in gaya masa abin da ta faɗa. Na tashi har na kai bakin ƙofa, sai na rasa ta yadda zan rantse masa cewa wannan ce gaskiyar.

Ya yi addu'a ya shafa, ya gyara wa yarinyar takalmi, suka tafi.