Kwalbar da Inna Ta Binne

Hansai na tsakar gida tana tankaɗe da hannun hagu, don na dama ya ƙi ɗaguwa tun da aka yanke ta a nono da safe. Wata huɗu ke nan da ƙullutu ya fito mata. Likita ya ciri 'yar tsoka kamar ƙwayar gyaɗa ya jefa a kwalba, ya ce mijinta Labaran ya kai Kano ran Litinin. Can akwai na'urar da ke haska nama, daga hasken da ya dawo a gane ko ciwon daji ne.

Labaran direban tifa ne, a shekarun da arzikin mai ya sa kowa gini, yashin kogin Wudil ba ya kwana. Har firji ya saya wa mahaifiyarsa Inna Turai, wanda tun zuwansa bai san komai ba sai goro. Nan ya ajiye kwalbar.

Ran Litinin ya buɗe. Goro na nan, kwalba babu.

Inna ba ta yi musu ba, ta ce ta binne. Gashi da farce ma binnewa ake yi, balle naman mai rai.

"Ba da ni za a ɗaga naman surukata ana haskawa kamar ƙwan zabi ba, Auta."

Ya durƙusa, ya yi magiya, ta ƙi faɗin wurin. Ya ɗauki fartanya ya tone bayan ɗaki, gindin dalbejiya, har turken awaki, gida ya koma gonar dankali. Baffanninsa suka taru suka ce mace ta sa shi tone gidan ubansa, in ya bari aka sake yankar ta, ya nemi wata uwar. Hansai da kanta ta roƙe shi ya bari, tana kuka, wai ba ta so a yi masa baki saboda ita.

Wata uku ana shafa mata saiwar wanzami. Ranar da wurin ya fashe ya jiƙa riga, Labaran bai shawarci kowa ba, ya ɗora ta a gaban tifa sai Kano.

Aka sake cira, aka haska. Daji ne. Likita ya ce da kwalbar farko ta iso, ƙullutun kaɗai za a cire. Yanzu sai nonon gaba ɗaya.

Bayan an yi wa Hansai aiki Inna ta zo asibiti ta tsaya a bakin gado, ta kasa gaisuwa. Hansai ce ta fara tambayar ta hanya da mutanen gida. Inna ta daɗe tana kallon bandejin.

"Kwalbar ƙarƙashin randa take, 'yar nan. Kullum a kanta kike ɗiban ruwa."

Hansai ta kama hannunta.

Ta rayu, har ta shayar da 'ya mace da nonon da ya rage. Amma ku ji ni, yara: a yi wa iyaye haƙuri da ladabi, a kuma kai mara lafiya asibiti a ranar da likita ya faɗa.