Tsumma a Hannun Damaris

Ban yi sallama ba da na shiga shagon Benson. Yana tsugune yana kwance wani batirin sola, na tsaya masa a ka.

"Tashi."

Ya ɗago, ya ga ni ce, ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Mama, ina kwana? Lafiya da sassafen nan?"

"Riƙe gaisuwarka. Ina ka kai mini 'ya?"

"Damaris? Mama, ai tana Japan..."

"Na san sunan ƙasar. Aikin me take yi a can nake tambayarka."

"Koyarwa. Tana taya malamansu koya wa yara Turanci."

"Da tsumma ake koyar da Turanci?"



Ni Asabe, matar marigayi Yohanna, ban taɓa zama a aji ba, amma idona ba ya buƙatar boko. Jiya bayan an tashi daga taron zumuntar mata, wata 'yar zumuntarmu, Charity, ta matso kusa da ni da babbar wayarta, tana wani murmushi irin na wanda ya tsinci nama a miyar maƙwabta.

"Maman Damaris, ashe 'yarki akwai ƙwazo haka?"

Na duba. 'Yata ce, ɗankwali a ka, ta duƙa da hannu biyu a kan tsumma, tana tura shi a guje cikin wani dogon baranda. Ga yara a gefe suna tafi suna dariya. Ita da kanta ta sa hoton a waya, ta san tawa ƙarama ce ba ta nuna komai.

Charity ta ce, "Aiki ai aiki ne, tunda da kuɗin waje ake biya."

Mata suka yi ta leƙe ta kafaɗata.

Na share auduga a masaƙa a nan Kakuri tun ina ɗauke da cikin Damaris har ranar da aka garƙame ƙofa. Audugar tana nan a ƙirjina, ita ke sa ni tari har gobe. Na yi rantsuwa 'yata ba za ta riƙe tsintsiyar kowa ba. Da suyar doya da ƙosai na kai ta jami'a. Benson, saurayinta tun suna ƙungiyar mawaƙa a coci, shi ya gano aikin nan na Japan, shi ya raka ta Abuja. Lahadin da ta tafi na ɗaura sabon zani, na yi rawar godiya har gaban bagade.

Yanzu ga abin da na yi wa rawa.

"Kawunnanka da ka ce za su zo gaisuwa," na ce masa, "ka ce su zauna a gidajensu. Ba zan ba da 'yata ga wanda ya kai ta bauta ba. Daga nan gidan Rabaran na cocinmu zan wuce, a tara dattawa, ka faɗi da wa kuka ƙulla."

"Mama, don Allah ki zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Al'adarsu ce. Makarantarsu ba ta da masu shara. In an ci abincin rana kowa ke ɗaukar tsintsiya, yara da malamai, har hedimasta."

"Har hedimasta. Ƙasar da ke ƙera mota ta rasa mai shara? Ka dube ni da kyau, na yi kama da wadda aka haifa jiya?"

Ya sauke numfashi. Sai a lokacin na lura yaron ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Bari in kira ta ki ji daga bakinta. Can yamma ta yi, ta taso."

"In ta ji ni ce ƙarya za ta yi. 'Mama komai lafiya, Mama yara suna so na.' Kira ta, ka buɗe murya, kada ka ce ina nan."

"Mama, ban taɓa yi mata haka ba..."

"Yau ka fara."

Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya danna. Na ja wani benci na zauna.

"Ben ɗina..."

Na kusa cewa ba ita ba ce. Muryar da nake ji duk Lahadi mai ƙarfi ce, mai dariya. Wannan kuwa kamar daga ƙasan rijiya take fitowa.

"Dama," haka yake kiranta, "kin isa gida?"

"Yanzun nan. Ruwa ya dake ni a kan keke, yatsuna ba sa lanƙwasuwa. Tsaya in kunna hita."

"Yaya makarantar?"

"Cikin makarantun da nake zagayawa, yau ta gindin dutse ce, mai nisan nan. Malamin da zan bi zuwa aji ya manta da ni. Tun safe ina zaune a ofishin malamai ina kallon tebur. Aji ɗaya na shiga. Malamin ajin ya miƙo littafi, na karanta kalmomi, yara suka maimaita, ya ce na gode, na koma bango na tsaya. Rediyo mai ƙafa, Ben. Abin da na zama ke nan."

"Ki yi haƙuri, masoyiyata."

"Ka san me ya faru? Na sunkuya ina rubutu, da na ɗago ba kowa a ofis. Duk sun tafi babban ɗaki, ana wani taro. Ba wanda ya faɗa mini. Na bi sautin waƙa na same su."

"Wannan ai wulaƙanci ne."

"Ba mugunta ba ce. Suna da kirki. Mantawa kawai suke yi ina nan." Ta yi tari. "Da 'yan aji biyu na ci abinci. Shinkafa, kifi, da madara mai sanyi a wannan sanyin. Wata ta roƙe ni ta taɓa gashina, na bar ta. Yau ban yi hira da babban mutum ba sai kai."

Benson ya saci kallona. Na yi masa alama da hannu ya ci gaba.

"Hoton nan na shara da kika sa..."

Sai muryarta ta ɗan farfaɗo.

"Ka gani? Ai lokacin shara ne kaɗai nake jin ni ma 'yar makarantar ce. Ana sa kiɗa, kowa ya ɗauki tsumma, ba mai buƙatar yare. Ni da hedimasta muke raba barandar nan. Ya tsufa, gwiwa na damun sa, nakan ƙarasa masa nasa. Jiya na yi tsere da yara na zo ta uku."

Na dafe bencin. Da ma bauta ce, da na san wanda zan kai ƙara.

"Ben... kamfanin da suka ɗauke ni aiki sun sake tambaya. Kafin ƙarshen wata suke son amsa, ko zan ƙara shekara."

"Me za ki ce musu?"

Ina jin ƙarar hitarta.

"Zan ƙara."

"Bara ma haka kika ce, Dama."

"Na sani."

"Na kama mana ɗaki a Unguwar Boro. Labulen da kika zaɓa har ya fara koɗewa. Kullum in tashi in kira ki, in ji kina mutuwa a tsaye, in ce ki yi haƙuri. Na gaji da ba ki haƙuri ta waya."

"To in dawo in ce me? Mama ta yi rawa a coci. Duk Kakuri Maman 'Yar Japan ake ce mata, har masu keke napep. Matar nan ba ta taɓa samun komai a duniya ba sai wannan sunan. Ni zan ƙwace mata?"

"Ni fa?"

"Kai ne raina, ka sani... Amma in ka gaji, ba zan riƙe ka ba. Ka yi ƙoƙari. Wallahi ka yi."

Ƙaton saurayi, mai hawa rufin mutane da rana tsaka, sai ga shi ya juya fuska bango kafaɗunsa suna rawa.

Na fizge wayar.

"Damaris."

Wani abu ya faɗi a can, kamar kofi.

"Mama? Mama ina kwana! Ya kasuwa, ya tarin..."

"Ajiye wannan muryar. Na riga na ji ta gaskiyar."



"Wa ya ce ki zauna saboda ni? Na aike ki neman suna? Asabe nake tun kafin a haife ki, kuma da shi za a binne ni."

"Mama, ba haka nake nufi ba..."

"Na yi ta soya doya don kada ki zama abin da ba a gani. Mu a masaƙa manaja yakan wuce ta kan ƙafarmu bai san da mutum a wurin ba. Amma mu muna da juna, mu zage shi da yarenmu mu yi dariya. Ke da wa kike zagin naki?"

Sai kuka. Ba irin na yarinta mai ƙara ba, wani siririn kuka na wanda ya saba yi a ɗakin da bango ba kauri.

"Ba ni lambar hedimastan nan."

"Mama, ba ya jin Hausa."

"Zai ji tawa."

Ta yi dariya cikin kukan. "Ba laifinsa ba ne."

"Na malamin da ya manta da ke ne?"

"Shi ma aiki ya yi masa yawa. Sai dare yake barin makaranta."

"Kamfanin fa?"

"Abin da suka ce za su yi, shi suke yi."

"To laifin wa?"

"Ba na kowa ba ne, Mama. Haka aikin yake."

Wannan magana ita ta fi ƙona mini rai, har yau. A ce 'yarka ta bushe a tsaye, ka rasa ko mutum ɗaya da za ka riƙe wa wuyan riga.

"Kina son yaron nan?"

"Mama..."

"E ko a'a. Wayar mutane ce."

"Ina son sa. Ina son sa sosai."

"To ki ce wa kamfani a'a."

"Mutane za su ce na kasa."

"Mutanen da kike faɗa Charity ce, kuma bakinta nawa ne. Ki bar ni da shi."

"Yaran fa? Akwai waɗanda sai yanzu suka fara yi mini magana..."

"Ki gama musu shekararsu, ki yi musu sallama kamar 'yar mutunci, ki ɗauko jakarki."

 Can ta ce, a hankali, "To, Mama."

Na miƙa wa Benson wayarsa. Ban ba shi haƙuri ba, don shi ma da nasa.

"Ka san duk wannan ka yi shiru."

"Ta sa ni alkawari, Mama."

"Gobe in ta ce ka yi shiru gida na cin wuta, sai ka yi?"

Gidan Rabaran kam na je, tunda na riga na faɗa. Ya saurare ni tas, ya tambaye ni wa nake ƙara.  Ya sa aka kawo mini ruwa, ya yi addu'a, na hau keke na koma kan kaskona.

Ta dawo ana tsakiyar zafin bazara. Ba don tafiyarta ba da ban gane ta ba a tasha. Da mai keke ya sauke mu a ƙofar gida, sai ta rusuna masa irin gaisuwar Japan har tana kusan taɓa gwiwa da goshi, mutumin ya tsorata ya waiwaya ya ga ko da wani babba a bayansa. Rabin jakarta takardu ne masu launi da yaran suka nannaɗe kamar tsuntsaye. Ta baza su a kan gado tana faɗa mini sunan kowane yaro, tana hawaye. Ban gane yadda mutum zai yi kukan wurin da ya cinye shi ba, kuma ban tambaya ba. Na ba ta tuwo da miyar karkashi, ta ci kaɗan, ta kwanta a cikin tsuntsayen nan.

Ta yi ta barci. Na ɗauko kujera na zauna a bakin ƙofa, na kori yaran maƙwabta, na kori 'yan zumunta da suka zo ganin tsaraba.

Benson ya zo da safe, na ce tana barci. Ya dawo da rana, na ce tana barci. Da la'asar ya sake dawowa da sabuwar riga da leda cike da lemo, ya tsaya yana leƙen labule.

"Mama, ko fuskarta kawai..."

"Ka yi jiran duk shekarun nan, wannan ba zai kashe ka ba. Zauna."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Muna jin numfashinta ta cikin labule.

"Benson."

"Na'am, Mama."

"Ka ce wa kawunnanka su zo ran Asabar. Kuma su zo da wuri, ban son jira."