Fitilar Motar Sista

Ƙarfe huɗu saura kwata wata mata sanye da fararen kayan asibiti ta shigo ofishin 'yan sanda tana huci. Ba ta jira an ba ta kujera ba.

"Ranka ya daɗe, an sace min fitilar mota. A cikin gareji, da rana tsaka!"

Sufeto ya ajiye biro ya ɗauki hularsa. A ofishin Sai-Na-Gani ake kiransa, don ko ce masa aka yi ana ruwa a waje, sai ya leƙa taga kafin ya yarda.

Matar ungozoma ce, kowa Sista yake ce mata. Tana da tsohuwar a-kori-kura da take shiga ƙauyuka ta ɗauko mata masu naƙuda. A hanya ta zayyana masa komai. Abu biyu motar take buƙata, ƙarfinta kuma na ɗaya ne. Mai walda ya ce ta sa ƙarfen kariya, wanda ake girkewa a bayan kan mota don in ta kife ya tokare, kada rufi ya murƙushe mutane. Mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, kuma ya ce doguwar fitila ta kan rufi ta fi, domin wanda ya hango rami ba zai faɗa ba balle ya kife.

"Sati biyu ina wasi-wasi," in ji ta. "Ƙarshe bakin mai wayarin ya fi zaƙi, na ɗauki fitila. Kwananta takwas kacal. Yau da safe na kai mota gyaran birki, na dawo na tarar da rufi fayau."

A gareji an riga an yanke hukunci, Sufeto kawai ake jira ya zo ya sa hannu. Ciyaman, shugaban garejin, ya garƙame rumfar mai walda ya jefa makulli a aljihu. Mai waldan, wanda ake kira Tartsatsi, yana zaune kan wata tsohuwar taya, kansa a ƙasa.

"Yallaɓai, ai magana a fili take," in ji Ciyaman. "Kowa ya ji shi ranar da aka ɗaura fitilar yana cewa da shi ne da ya cire ya jefar. Ga shi ya taɓa zaman gidan yari. Na ba shi zuwa faɗuwar rana, ko fitila ta fito ko ya bar mana wuri."

Shekara bakwai ke nan da fitowar Tartsatsi, ko noti ba a taɓa nema an rasa a rumfarsa ba. Amma mutane sun fi riƙe shekara biyun da ya yi a ciki. Yana da mata da jaririya, rumfar nan ce cinsu da shansu, kuma wanda aka kora daga gareji da sunan sata babu garejin da zai sake karɓarsa.

Wani mutum mai tsaf-tsaf, da biro uku a aljihun gaba, ya matso. Shi ne mai wayarin, ya fi so a ce masa Injiniya.

"Ba son raina ba ne in faɗa," in ji shi, alhali fuskarsa ta nuna yana so ƙwarai. "Wajen ƙarfe ɗaya na gan shi a kan motar da idona. Ni kuwa tun ranar da na ɗaura fitilar ban sake taɓa motar ba." Ya juya ga Sista. "Kada ki damu, Hajiya, gobe irinta sak za ta iso shagona."

Sufeto ya cire takalmi ya hau bayan motar.

A gefen bodi ya ga zanen alli, layi huɗu da lambobi. A kan rufi kuma ga wayoyi biyu, ba a yanke su ba, an kwance su ne daga mahaɗa. An naɗe bakin kowace da baƙin salatif tsaf, an lanƙwasa ƙarshen salatif ɗin ya zama ɗan kunne, yadda za a ja ya warware cikin sauƙi. Ya daɗe yana kallon ɗan kunnen nan.

Ya sauko ya leƙa gaban motar, sannan ya dubi agogon hannunsa.

"Sista, agogon motarki yana latti. Uku da minti goma yake nunawa, ni kuma huɗu da minti ashirin gare ni."

"Latti? Haba! Da shi nake rubuta lokacin haihuwa in ta kama mu a hanya. Da safe daidai yake." Sai ta tuna. "Sai dai in an cire kan batir. Duk sanda aka cire aka mayar, sha biyu yake komawa."

Sufeto ya lissafa da yatsu. An mayar da kan batir ƙarfe ɗaya da minti goma, lokacin da gareji ya watse cin abinci.

Ya ja wata tayar ya zauna kusa da Tartsatsi.

"Ina kake ƙarfe ɗaya?"

"Ina rumfata, yallaɓai. Ban je ko'ina ba."

"Motar a bakin rumfarka take. In kana nan, ko kai ka ɗauka, ko ka ga wanda ya ɗauka. Wanne ne?"

Tartsatsi ya kau da kai. Sufeto ya nuna motar.

"Allin da ke bayan motar na waye?"

"Nawa ne."

"To ɗan'uwa, ƙaryar nan ba taimakonka take ba. Rana kuma ba ta jiranmu."

Tartsatsi ya saci kallon Sista, ya miƙe ya zaga da Sufeto bayan rumfa. Ya ɗaga wani tsohon tamfol. Bututun ƙarfe ne masu kauri guda uku, ɗaya an riga an lanƙwasa shi.

"Da safe na auna motar. Sha biyu da rabi na tafi wajen mai sayar da ƙarfe, ban dawo ba sai biyu. A bayan motar nan aka haifi 'yata, yallaɓai. Ran nan a gangaren rafi sai da taya biyu suka bar ƙasa, ina riƙe da matata ina jin ranmu ya tafi. Na so in yi mata ƙarfen ne ba ta sani ba, don in ta sani ba za ta karɓa ba. Ko kaza aka kai mata mayarwa take yi."

Sufeto ya sa Saje, abokin aikinsa, ya buga wa mai sayar da ƙarfe waya. Mutumin ya tabbatar, har da ƙorafin cewa Tartsatsi ya hana shi cin abinci da zaɓe-zaɓe.

Sufeto ya dawo cikin mutane yana sosa ƙeya.

"Injiniya, kafin mu tafi da mutumin, taimaka min. Hon ɗin motarmu ya mutu tun shekaranjiya."

Wannan kam gaskiya ne, Saje ya gaji da zuro hannu ta taga yana dukan ƙofa. Injiniya ya naɗe hannun riga cikin jin daɗi. Yana buɗe bonet, kafin ya taɓa komai, ya sa sufana ya cire kan batir.

"Kullum haka kake yi?" in ji Sufeto.

"Ƙa'ida ce, yallaɓai. 'Yan koyo ne ke taɓa waya da wuta a jiki."

Ya gano inda wayar ta tsinke, ya haɗa, ya naɗe da baƙin salatif. Da ya kai ƙarshe, yatsunsa da kansu suka lanƙwasa ɗan kunne.

"Wannan fa?"

"Don in an dawo gyara kada in sha wahalar ɓarewa."

"Madalla. To zo mu hau motar Sista ka ga wani abu."

Injiniya ya ga wayoyin rufi, sufana ta suɓuce daga hannunsa.

"Ɓarawon titi yanke waya yake yi ya ruga," in ji Sufeto. "Mai walda in ya tashi cirewa, da almakashin ƙarfe zai datse. Wanda ya cire batir, ya naɗe waya, har ya bar kunne, ya san shi za a kira ya ɗaura wata. Ina irinta sak ɗin da za ta iso gobe?"

"Tana… tana hanya."

"Mu je shagonka mu tarye ta."

A ƙarƙashin teburin aiki Saje ya jawo wani dogon kwali, an manne shi kamar ba a taɓa buɗewa ba. Aka buɗe, ga doguwar fitila. Injiniya ya rantse sabuwa ce. Sista ta ce a juya mata ita. A ƙasan marikin fitilar ga ɗan guntun filasta irin ta ciwo, da kwanan wata da rubutun hannunta.

"Duk abin da ya shigo hannuna sai na manna masa ranar da ya zo," in ji ta. "Ko tukunyar gidana ba ta tsira ba."

Injiniya ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ni na cire," ya ce da ƙaramar murya. "Ke ce ta uku da na sayar wa ita. Na ji Tartsatsi ya yi waccan maganar, na ga ya hau motar da safe, na ce ai shi za a kama. Ku yafe min."

Saje ya sa masa ankwa. Ciyaman ya daɗe yana laluben aljihu kamar makullin ya yi nauyi, sannan ya miƙa wa Tartsatsi da hannu biyu.

"Mun zalunce ka, ƙanena. A gaban mutane na kulle, a gaban mutane nake ba ka haƙuri."

Tartsatsi ya karɓa, idonsa ya cika. Sai Sista ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu, domin ta riga ta ga abin da ke ƙarƙashin tamfol.

"Kai kuma, ka san ba na karɓar kyauta."

"Ai ba naki ba ne, Sista. Na matan da kike ɗaukowa ne. In kin yarda, a samansa zan yi wa fitilar mazauni, sai ta fi hasko nesa."

Ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta juya tana goge ido da gefen mayafi, tana faɗan wai ƙurar gareji ta yi yawa.

Sufeto ya leƙa motarta ya saita agogo da nasa, biyar da rabi daidai.

"Kada a haifi wani a rubuta masa lokacin ƙarya," in ji shi.

Aka sa Injiniya a bayan motar 'yan sanda. Saje ya danna hon, ya yi ƙara tangaram, don mutumin ya iya aikinsa, ba a nan matsalarsa take ba. Suna fita ƙofar gareji Sufeto ya waiwaya. Rumfar mai walda a buɗe take, Tartsatsi ya sauke gilashin fuska, wuta ta fara tashi a kan bututun farko tun rana ba ta faɗi ba.