Tsummokaran Ɓauren Marmaro

Ni ne Bushta, duk garin Safru an san ni. A aji uku aka kore ni daga makaranta, don na sa wa malamin lissafi ƙadangare a aljihun jallabiya. Tsoro kuwa, ni nake ba mutane.

Ran Lahadi ƙungiyar unguwarmu ta fito sharar lambun shaƙatawa. Ana kwashe leda da gwangwanaye, ana gyara 'yar hanyar da ta hau zuwa marmaro. Da aka raba buhuna, Mubarak mai aski ya ce, "Bushta ne zai cika buhu? Sai dai da surutu."

Na rantse kafin magariba sai na ninka nasa.

Rana ta yi ja, buhuna ko rabi bai kai ba. Sai na tuna da tsohon ɓauren da ke bakin marmaro. Mai ciwo yakan yagi gefen rigarsa ya ɗaura a reshe, ya bar ciwon nan, ya tafi ba waiwaye. Baba Allal, tsohon mai gadin lambun, ya sha faɗa mana, "Wanda ya kwance, shi ya ɗauka."

Ni dai shara na gani. Na hau ni kaɗai, na kwance tsummokaran tas, na danna a buhu, na saɓa a kafaɗa ina fito.

Ban yi nisa ba buhun ya yi nauyi. Ya yi ɗumi, kamar na goya mai zazzaɓi. Warin gumi da lalle da kafur ya cika mini hanci.

Kwaɗin marmaro suka yi tsit.

Sai aka yi tari a bayana.

"Mubarak, ɗan banza, na gane ka. Fito."

Ba kowa. Aka sake tarin. Daga cikin buhun.

Muryar tsohuwa ta raɗa mini a kunne: "Ɗana, nawa na gwiwa ne. Ungo."

Gwiwata ta lanƙwashe.

Wani namiji ya ce, "Nawa ido."

Idona na dama ya dushe.

Na ja ciki na koma, buhun na nishi. Ladan ya ɗaga murya daga cikin gari. Na kama ɗaura su a reshe. Duk wanda na ɗaura, murya ɗaya ta yi shiru. Gwiwa ta sake ni. Ido ya buɗe.

Saura ɗaya. Ɗan kore, mai laushi.

Ya suɓuce. Ruwa ya ja shi ƙarƙashin dutse.

Wata siririyar murya ta ce, "Na gode."

A nan Baba Allal ya tsince ni da tocila.

"Ka mayar duka, ɗan nan?"

"Saura ɗaya, Baba."

Ya kau da hasken daga fuskata.

Tun ranar, da an kira magariba tari yake kama ni, ƙarami, siriri, ba irin nawa ba. Likita ya ce ƙirjina lafiya lau. Mubarak ya ce sabuwar tsiyata ce.

Sau uku ina yagar rigata in ɗaura a ɓauren, in taho ban waiwaya ba. Sau uku ina buɗe ƙofa da safe in tarar da tsumman da na ɗaura a kan dakali, a jiƙe, an ninke shi tsaf.