Harsashin da Ya Maƙale a Bindigar Tuure

Tau! Tayar motar kuɗin ta fashe, motar ta karkace ta faɗa kwalbati.

Tuure yana kwance kan dutse a saman hanyar daji, ƙarfe goma na safe, sanyi na cin yatsunsa. Shekara talatin yana farauta, kuma bai taɓa sayen harsashi ba, da hannunsa yake haɗa nasa. A ƙasa, Reijo mijin ƙanwarsa ya diro daga tasu motar yana ihu.

"Ku fito! Ƙasa, ƙasa!"

Sirkka, ƙanwar Tuure, tana riƙe da sitiyari. Don ita Tuure ya zo. Ta rantse masa daga wannan aikin za ta rabu da Reijo.

Ɗaya daga cikin masu gadin motar kuɗin ya kwanta. Ɗayan ya zura da gudu cikin itatuwa.

Rediyon oba-oba da ke gefen Tuure ya yi ƙara. "Tsoho, sheƙe shi!" in ji Reijo. "Ya ga fuskata!"

Tuure ya saita. Sai ya gane gudun. Eemeli ne, maƙwabcinsa, wanda suke raba naman farauta duk kaka.

"Harbin taya muka yi da kai, ba mutum ba," in ji Tuure.

"Dalla harba, malam!"

Tuure ya ja makullin bindiga don ya fidda harsashin. Kwanso ya fito shi kaɗai, albarushi ya watse masa a hannu. Kan harsashin ya maƙale a bututun bindigar!

Ya san dalili. Da yake haɗa su bai cusa kan ya shiga kwanso sosai ba, ya bar shi da tsawo har yana cizon bakin bututu, wai don saiti ya ƙara kyau. Shi da kansa ya sha hana mafarauta yin haka. "Wannan na filin gasa ne," yakan ce musu, "ba na daji ba."

Tau! Tau! Reijo ya yi aikin da ƙaramar bindigarsa. Eemeli ya kife cikin dusar ƙanƙara.

Jiniya ta taso daga kudu. A cikin motar 'yan sanda, Sufeto Aulikki ta ce wa direbanta, "Taka ta, kar ka saurara!"

"Fasa musu taya!" Reijo ya daka tsawa.

"Bindigar ta mutu."

"To kai ma ka mutu. Sirkka, ja mu ware!"

"Yaya fa?" in ji Sirkka. "Reijo, Yaya na kan dutse—"

Aka ji ƙarar mari. Motar ta fece.

Tuure bai gudu ba. Ya gangara ya durƙusa kusa da Eemeli, ya danne raunin da hularsa har jinin ya daina zuwa. A nan aka sa masa ankwa.

Da yamma Aulikki ta same shi a ɗakin tambayoyi, ta ajiye masa kofi.

"Motarsu ta ƙwace a kan gada," ta ce. "Reijo ya karye a ƙafa. Ya ce kai ka shirya komai."

"Sirkka fa?"

Ta dubi tebur.

Tuure ya ce, "Da na fasa tayarku, da ba ku bi su ba."

"Da wataƙila direbana ake wa makoki. 'Ya'yansa uku."

"Za a bar ni in je jana'izarta?"

"Zan tambaya," in ji ta.

Ba a bar shi ba.