Awakin da Suka Ruɗi Mutum-mutumi

Kafin Insfekta Muttaka ya gama karin kumallo, 'yan sa-kai sun cika ƙofar caji ofis na Anka, suna neman a ba su Sanda, wani makiyayi da ke tsare. An sace zinariya a wajen niƙan dutse kusa da Sunke, kyamara kuma ta ɗauko mutum da malfa da sanda irin na makiyaya. A wajensu shari'a ta ƙare.

Muttaka ya tsorata ƙwarai. 'Yan sandansa ba su da yawa, ƙofar kuma ta katako ce.

Ya hau babur ya tafi wajen Injiniya Surayya, mai kula da mutum-mutumi uku da ke gadin wurin.

"Ƙarfe uku, ɓarawo ɗaya, ya aka yi ya wuce?"

"Tsarinsu kamar gayya ne, Yallaɓai. Wanda ya kira, sauran su zo su tare ƙofofi. Amma wanda ya cika kiran banza, sai su daina amsa masa, don kada a janye su daga wurarensu."

"Wa ya yi kiran banza?"

"Na gabas. Kwanakin nan kullum awaki yake gani. Ran Juma'a da ya ga ɓarawon gaske, ba wanda ya kula shi."

Muttaka ya duba gindin katangar gabas, ya tarar da dusa da kanwa a kan tarin ƙurar dutse. Akuya ba ta kawo wa kanta abinci.

Magaji, mai ba injin niƙan mai, wanda ya zo daga nesa neman arziki, ya matso ba a kira shi ba.

"Bisashen Bafulatanin nan ne, da idona na gani. Ni ko kaza ba ni da ita."

Muttaka ya buga waya ofis, aka ba Sanda.

"Ranka shi daɗe, wa za shi kai bisa tai ga ƙasar ga? Gubar dalma ce a cikinta. Tun shekarar da munka binne yara, ko jaki ba mu bari shi sunkuya nan."

A bayan muryarsa ana jin dukan ƙofa. Muttaka ya bi gida-gida gumi na karyo masa, yana tambayar awakin wa ke ciwo. Aka nuna masa wani gidan haya inda Magaji ke zaune, matar gidan, Hure, ta fito.

"Duba su, sun makance, sai zagaye suke. Na ce da Magaji ya daina fita da su da safe, bai ji ba."

Aka kawo Magaji, aka ciro malfar daga ƙarƙashin katifarsa. Nan take ya amsa laifinsa.

"Na ji Injiniya tana bayanin yadda mutum-mutumin suke. Zinariyar tana cikin randa. Wallahi ban san ƙasar tana kisa ba."

Muttaka ya shigo da shi caji ofis da ankwa ta tsakiyar taron, ya ɗaga malfar kowa ya gani. Sai aka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani.

Ya buɗe ɗakin tsaro. "Tashi ka tafi gida, Sanda."

Sanda bai motsa ba.

"Bar ni nan tukuna, ranka shi daɗe. Waɗanda ke bisa hanya ba su ji ba."